Hilux ɗin da ta daki kwalbati: a gyara ko a rabu da ita?

Mai Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Hilux Vigo ce ta 2012, injin fetur 2.7, ta daki kwalbati ta gefen dama. Lagireto ya fashe, balan-balan ɗin kariya biyu sun fito, tayar dama ta gaba ta ja baya. Ana ce wa mai motar duk motar da duka ya kai ga shasinta, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da ita, ta gama yawo, ya sayar kawai. Haka ne?

Dillali: Wa alaikumus salam. Haka ne, Malam. Tayar da ta ja baya alama ce dukan ya wuce bamba ya shiga ƙarfe. Ko an miƙe ta, ranar da za a sayar mai saye zai kwanta ƙasa da fitila ya ga wurin walda, daga nan farashi ya faɗi. Ya sayar da ita yadda take, injin da giyabos da aksul ɗin baya kaɗai kuɗi ne masu kauri a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Fanel Bita: Alhaji ka yi saurin yanke hukunci. Taya na iya ja baya alhali shasi lafiyarsa ƙalau, domin hannun ƙasa da ke riƙe da ita shi ke fara lanƙwashewa, sai tayarod (sandar da ke juya taya daga sitiyari) da boljoyin (mahaɗin hannun da taya). Awo ne zai raba gardama. A ajiye motar a daben da ya daidaita, a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. A Vigo milimita 3,085 ne. Sannan a shiga ƙasa a nemi ramukan da kamfani ya huda a shasi, a auna a gicciye: ramin gaba na dama zuwa na baya na hagu, sai a juya. In bambancin bai wuce milimita 3 ba, shasi bai motsa ba, aikin ya koma na canjin kaya.

Dillali: In ya wuce fa, Oga?

Fanel Bita: Sai a duba inda abin yake. Hilux ba kamar Corolla ba ce, bodinta a ɗaure yake da noti a kan shasi, ana iya ɗage kan motar gaba ɗaya a yi aiki a fili. Idan bakin shasi ne kawai, gaban inda ƙafa (kayan da ke riƙe da taya) take ɗaure, kuma ya karkace ne bai tattare ba, ana ɗaure shi da sarƙa a ja da jak a hankali, a sanyi. Amma in ƙarfen ya tattare kamar gwangwanin da aka taka, ko dukan ya kai mazaunin hannun sama da shokazoba, a nan na bi bayan Alhaji. Abin da ke kashe motocin nan shi ne gasa wurin da wuta har ya yi jajir a buga da guduma. Ido zai ga ya miƙe, amma ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, a ɗora buhu goma a bi hanyar burji sai ya tsage daidai nan. Kuma alaimen ba zai taɓa zama ba, tana cin taya ta gefe ɗaya tana jan sitiyari.

Bakanike: Duk kun tafi shasi kun bar injin. Tambayar farko: bayan lagireto ya fashe, an kashe ta nan take ko an lallaɓa da ita gida? Kan injinta, wanda ake kira 2TR, na alminiyam ne, tafiya kaɗan ba ruwa ta isa ta ƙona gaskit ko ta karkatar da shi. A cire fulogi huɗun a gwada matsin kowace silinda, a duba ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. A duba mazaunin injin da na giya, da furofela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ko ta lanƙwashe. Kwandensar AC da fanka kam a sa su a lissafi tun yanzu.

Rewaya: Ku ƙara da ɓangarenmu, don nan ake ha'inci. Balan-balan sau ɗaya yake aiki. Sai an canza biyun, da na'urar da ke ba su umarni, da bel ɗin kujera in ya ɗame, a duba wayar cikin sitiyari. Wasu sai su liƙe murfin su kashe fitilar gargaɗi a dashbod. Wanda zai yi haka gara ya sayar.

Dillali: To kun ga lissafi na hawa. Ni ma'aunina, in gyara ya haura kashi 60 cikin 100 na kuɗin irinta mai lafiya, asara ce.

Bakanike: Ma'aunin da kyau, Alhaji, amma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin shigo da mota da na kwastan suka yi tashin gwauron zabi. Abin da zai samu in ya sayar da wannan ba zai kai shi ko kusa da wata Hilux ba, kuma wadda zai saya a kasuwa bai san irin dukan da ita ma ta sha ba.

Mai Tambaya: In shasin ne ya lalace, ba a sayo na wata a ɗora?

Fanel Bita: Ana yi, aiki ne na ɗage kai da bodin baya, a kwashe injin, ƙafafu, tanki da layin birki a mayar. Matsalar takarda ce. Lambar shasi a jikin ƙarfen aka buga ta, sabon ba zai yi daidai da takardun kwastan da na rajista ba. Sai da rasit na gaskiya da sanar da ofishin rajista, in ba haka ba kowane shingen bincike sai an sha tambaya.

Dillali: Inshorar fa wace iri ce? In ta kare wanda aka buga ce kawai, ko sisi ba za a ba shi kan motarsa ba.

Mai Tambaya: Ita ce, Alhaji. Gobe za a yi awon da gwajin injin, zan turo lambobin.