Shawarwarin masana ga mai son rubuta tarihin Cyclone Taylor

Masana tarihin wasan hoki na kan ƙanƙara sun haɗu a kan abu guda: kada a auna Fred "Cyclone" Taylor, shahararren ɗan wasan ƙasar Kanada na farkon ƙarni na 20, da mudun 'yan wasan yau. A zamaninsa mutum 7 ke shiga fili a kowane ɓangare, ba 6 ba, kuma a Vancouver shi ne na bakwai ɗin, mai yawo tsakanin tsaro da hari.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne neman sunansa a kundin NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Ba za a samu ba, domin bai taɓa buga gasar ba. A bi shi ta Houghton a Amurka, sai Ottawa a Kanada inda ya ci Kofin Stanley, kofin zakarun wasan, a 1909, sai Renfrew, sannan Vancouver, da kofi na biyu a 1915.

An kuma ja kunne kan lissafin ƙwallaye. Kakar 1910 wasanni 12 ce kacal, don haka a raba ƙwallaye da yawan wasanni kafin kwatantawa. Dala 5,250 da aka ruwaito Renfrew ta biya shi ma, kuɗin wannan gajeriyar kaka ne.

Labarin da ake bayarwa cewa ya taɓa cin ƙwallo yana tafiya da baya kuwa, a kawo shi a matsayin ƙa-ce-na-ce, ba tabbas ba.