Wa ya taɓa bin salsalar gidansu har ya wuce kakan kaka?

Jikan fatake, Kano: Assalamu alaikum. Ina son jin waɗanda suka taɓa bin asalin gidansu. Ni dai na tsaya cak a kan kakan mahaifina. An ce Ba'agale ne, wato cikin Agalawa fataken goro, daga wajen Bebeji, yana bin ayari zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro, har ya bar mata da 'ya'ya a Salaga, babbar kasuwar can. Abin da ya ɗaure ni shi ne suna. Mahaifina sunan ƙauyensu aka maƙala masa ranar da aka sa shi makaranta, ni sunansa nake ɗauka, 'ya'yan baffana kuma na kakanmu. Ta ina mutum zai kama?

'Yar zango, Kumasi: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tsaya a Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu Kete-Krachi, Yeji, Kumasi har Akra. Mu ma ta nan muka biyo. Sai kuma 1969, da gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙi, wasu 'yan gidanmu suka tafi Najeriya da sunan komawa gida, alhali ba su taɓa ganinta ba. Sunan kakanku ba zai kai ka ko'ina ba, masu irinsa sun yi yawa. Ka tambayi tsofaffinku wane madugu yake bi, kuma gidan wa yake sauka. A zango, maigida ake tunawa.

Ɗan garin Mai Wurno, Sudan: Mu nan Fallata ake ce mana gaba ɗaya, Bahaushe ne kai, Bafulatani ko Babarbare. Kowane gida zai ce maka tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu gaskiya ne. Amma da yawa daga baya suka zo, 'yan hajjin ƙasa ne da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noman auduga a Jazira don su tara na jirgin ruwa, sai aure da haihuwa suka riƙe su. Namu haka ne. Abin da ya warware mana shi ne Alƙur'anin kakana, rubutun hannu, cikin gafakar da fatarta ta yi baƙi. A warƙar ƙarshe marubucin ya sa sunansa da na mahaifinsa da garinsu, a ƙasar Haɗeja. Shekara da shekaru ana ajiye da shi, ana karanta shi, ba wanda ya lura da wannan layin. Ku buɗe gafakokin gidajenku.

Malamar makaranta, Zariya: Ni alkunya ce ta kusa kayar da ni. Kakata ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, balle na surukinta. "Malam" ne, "mai gidan nan" ne. Dabarar da na yi, na riƙa jero sunaye ina kallon fuskarta. Inda ta sunkuyar da kai ta ce "ke dai ba ki da ta ido", nan ne. Kuma ku lura, salsalar da maza ke rubutawa maza kaɗai take bi. Wacece uwar wane, daga wane gari aka auro ta, wannan sai a ɗakin tsofaffin mata.

Wani daga Maraɗi: Hajiya ta yi gaskiya. Ku haɗa da wanzamai, tsohon wanzami yana ganin aska a tsohon hoto zai ce maka wannan ta Gobirawa ce. Amma bari in faɗi wadda ba a so. Tun da sarakunan Katsina suka baro birnin a zamanin jihadi suka zo nan Maraɗi, kowa a nan jinin sarauta ne in ka tambaye shi. A wasu wuraren kowa sharifi ne, ko jikan malamin da ya zo daga Borno. To, su wa suka yi noma a rinji, ƙauyen bayi? Da na matsa tambaya a kan uwar kakana, wadda ba a san danginta ba, babban yayan mahaifina ya ce in bar kaza cikin gashinta. Na gane. Na rubuta ta yadda take, ban ƙirƙiro mata uba ba.

Ɗalibin tarihi, Kaduna: Na duba takardun Turawa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan. Rahotannin haraji na gundumomi suna da amfani in gidanku na hakimi ne ko dagaci, ko kana son sanin daga ina mutanen wani ƙauye suka taso. Sunan talaka kuwa da wuya.

Jikan fatake, Kano: Allah ya saka da alheri. Akwai gwaggon mahaifina a Bebeji, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau. Ranar Juma'a zan je da goro da turare in tambaye ta maigidan Salaga. Yaya ta Kumasi, in na samo sunan zan turo miki, ko limaman zangonku sun san zuriyarsa.