Conformity ba biyayya ba ce, ku zo mu raɗa mata suna

Salam jama'a. Malaman Hausa da masu aikin fassara dan Allah ku matso kusa, akwai wasu kalmomi uku na ilimin halayyar ɗan'adam da suka daɗe suna ci min tuwo a ƙwarya, wato conformity da compliance da obedience. Duk sanda na tsaya bayan lakca ina yi wa ɗalibai ƙarin bayani da Hausa sai in ji bakina yana ta maimaita biyayya, biyayya, kamar duka ukun abu ɗaya ne, su kuma yaran su tafi da shi a haka. Ta ukun na yarda, biyayya ce ko bin umarni. Amma biyun farko wallahi in muka ce musu biyayya mun zalunci ma'anar.

Bari in fara da gwajin da ya sa kalmar farko ta yi suna, dan sai an ga abu ake iya raɗa masa suna. A 1951 wani masani Solomon Asch da ke koyarwa a kwalejin Swarthmore a Amurka ya riƙa tara ɗalibai a ɗaki, kamar mutum bakwai ko takwas, ya ce musu gwajin gani ne. Kati ɗaya da layi guda a zane, ɗayan katin da layi uku masu tsawo daban daban, tambayar kawai wanne ne cikin ukun ya yi daidai da na farkon. Kuma fa bambancin a fili yake, ido ba mudu ba amma ya san kima, mutum in shi kaɗai ne kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Toh ashe duk mutanen ɗakin haɗin baki ne da Asch in ban da mutum ɗaya, shi kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshe yadda sai ya ji amsar kusan kowa kafin a zo kansa. Zagaye 18 ake yi, a cikin 12 sai su haɗu kan amsar da ba ita ba, hankali kwance babu ko murmushi. Sakamakon shine kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, kuma kusan sulusin amsoshin da aka bayar a waɗancan zagayen duk na bin jama'a ne.

Yanzu ku duba da kyau, wa ya ba yaron nan umarni? Babu. Wa ya roƙe shi? Babu. Babu sarki babu dogari babu bulala, sa'anninsa ne kawai suka faɗi nasu shi ma ya kalli layin, ya kalle su, ya haɗiye abin da idonsa ya gani. Ita biyayya kuwa sai da na gaba, yi na yi bari na bari. Shi ya sa na ce sam ba ta shiga nan.

Na farko da kowa ke kawo min shine bin yarima a sha kiɗa. Tana da daɗi a baki kuma kowa ya gane ta, amma matsala biyu gare ta. Akwai yarima a ciki, wato wani babba da ake bi, mu kuma mun ce babu babba. Sannan akwai kiɗa, mai bin yarima daɗi yake sha, su kuwa yaran Asch da yawansu cikin takura suka yi, da aka tambaye su daga baya wasu suka ce sun san amsar ba daidai ba ce amma ba sa son su fita daban, wasu kuma suka ce sun fara zargin idonsu ne. Yayi ma haka, ta fi dacewa da ɗinki da askin samari. Kwaikwayo da koyi kuma da niyya ake yinsu, ka ga wanda ya burge ka ka ɗauki halinsa. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce min taƙlidi, na ce Allah gafarta malam wannan tana da gidanta a fiƙihu, in muka ɗauko ta za a bar zancen layi da kati a koma wata muhawara daban.

Wata malama ta kawo sajewa, kuma gaskiya na daɗe ina juya ta, dan ta kama rabin abin, mutum ya saje da jama'a kar a gan shi daban. Inda ta gaza shine sajewa takan zama ɓuya ce da gangan, kamar baƙo ya saje da 'yan gari, ba ta nuna cewa wani abu ne ya ja ka.

Ni dai inda na tsaya shine bin sahu. Dalilina na farko muna faɗinta dama, kullum a labarai sai ka ji wata jiha ta bi sahun wata, ba wanda ya tilasta ta, ta ga an yi ne ta yi. Na biyu, sahu jeri ne na mutane kafaɗa da kafaɗa, babu na sama babu na ƙasa, ka zo ka tarar an jeru ka daidaita ƙafarka da tasu. Na uku kuma wanda ya fi min muhimmanci, ba zagi ba ce ba yabo ba ce. Kalmar ilimi bai kamata ta yanke hukunci tun kafin a fara bayani ba, domin bin sahun nan shi ke sa a yi layi a banki, shi ke sa baƙo ya cire takalmi in ya ga na kowa a ƙofa, kuma shi ɗin dai ke sa taro su rufar wa mutum da duka dan an yi ihun ɓarawo, rabinsu ba su san me ya sata ba. Wannan na ƙarshen yana ɗaga min hankali matuƙa, yana cikin abin da ya sa nake son yaranmu su sami sunan abin da yarensu. Sai dai a kula da rubutu, sahu da h, dan bin sawu shine bin alamar ƙafa kamar yadda ake bin sawun dabbar da ta ɓata.

Kuma kalmar tana karɓar rabe-rabe ba tare da wahala ba. Masana Deutsch da Gerard a 1955 sun raba abin gida biyu, sai mu ce bin sahu na rashin tabbas da bin sahu na gudun tsangwama. Na farkon shine irin na gwajin Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya, a 1935, an sa mutane a ɗaki mai duhu suna kallon ɗan ɗigon haske wanda a zahiri ba ya motsi amma ido na ganin kamar yana motsi, kowa ya faɗi nisan da ya gani, a hankali sai amsoshinsu suka haɗe wuri ɗaya, har in an ware mutum shi kaɗai daga baya ya ci gaba da faɗin na rukuninsu. Inda saniyar gaba ta sha ruwa kenan. Na biyun shine na mafi yawan yaran Asch, kuma shaida ita ce da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye sai bin ya ragu sosai.

Compliance kuwa akwai mai nema, amma ba shi da iko a kanka, roƙo ne ko tayi. Nan da nan zuciya za ta ce kara, kuma lallai kara na ciki, nawa ne cikinmu suka sayi ankon da ba su so dan kara? Sai dai kara dalili ce guda cikin dalilai, ba ita ce aikin ba. Aikin a ganina sallamawa ne, kalmar kasuwa, a yi ta tayi ana albarka har mai kaya ya ce na sallama, ko ransa ya so ko bai so ba. Gwajin Robert Cialdini na 1975 ma tamkar ciniki ne. An roƙi ɗalibai su raka wasu kangararrun yara gidan zu na 'yan awoyi, kusan kashi 17 cikin 100 suka yarda. Wasu kuma aka fara da babban roƙo, su yi aikin sa kai da yaran awa biyu duk sati har shekara biyu, suka ƙi, sannan aka sauko aka ce toh ko rakiyar gidan zu ɗin, sai kashi 50 suka sallama. Na rage maka kai ma ka rage min. In kuma a ofis aka ce compliance ana nufin dokokin hukuma, wannan bin ƙa'ida ne, kar a haɗa su.

Biyayya sai a bar wa Stanley Milgram, wanda dama ya taɓa aiki a ƙarƙashin Asch, shi ne a jami'ar Yale aka samu mutum 26 cikin 40 suka riƙa danna makunnin da suka zaci suna jona wa wani mutum lantarki, har ƙarfinsa ya kai volt 450, dan mai rigar ɗakin gwaji ya ce a ci gaba. Can akwai na gaba, akwai umarni.

Na gwada kalmar a jimla dan in ji ko za ta zauna. Asch ya gano cewa mutum uku sun isa su sa na huɗu bin sahu, ƙarin yawa bayan haka bai cika ƙara komai ba. Ya kuma gano cewa in mutum ɗaya tak ya fita sahu ya faɗi amsar gaskiya, bin sahun wanda ake gwadawa yakan sauko zuwa kusan rubu'in yadda yake da. Kun ji har kishiyarta ta fito da kanta, fita sahu, mai yi kuma mai bin sahu, jam'i masu bin sahu. Da su zan shiga aji ranar Litinin in Allah ya kai mu.