Wa ya taɓa kallon wasan jiragen yaƙi a bikin yaye hafsoshi?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ɗan yayata zai kammala makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka da ke Colorado Springs a ƙarshen watan Mayu, kuma ina cikin masu zuwa. An ce mini akwai wasan jiragen yaƙi a ƙarshen bikin. Da yarona ɗan shekara huɗu zan tafi, shi kuwa ko tsawa aka yi sai ya ƙanƙame ni. Don Allah waɗanda suka taɓa gani su ba ni labari.

Baban Zahra: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Na je na ƙanena. A filin wasan makarantar mai suna Falcon ake yi, ba rumfa, ga shi wurin ya haura mita 2,000 daga doron teku, rana tana ƙona mutum bai sani ba saboda iska mai sanyi. Ki yi guzurin haƙuri, don ɗalibai wajen dubu ne kuma kowa sai an kira sunansa. Mun gaji tilis. Amma da aka sallame su suka cilla huluna sama, a daidai wannan daƙiƙar jirage shida ƙirar F-16 na rukunin Thunderbirds suka keto ta saman filin. Wallahi ban ji tahowarsu ba. Inuwa kawai na gani ta gifta, sannan ƙarar ta daki ƙirjina. Mahaifiyarmu, wadda tun safe take jan carbi ba ta ce uffan ba, ta fashe da kuka tana kiran sunan yaron. Ni kuwa ina riƙe da waya, abin da na ɗauka duk ƙeyar mutanen gabana ce. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ki ba wani wayar, ke ki kalla da idonki.

Tsohon Makanike: Baban Zahra, dalilin da ba ka ji tahowarsu ba shi ne sauti yana tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa, jirgin kuwa yana biye da shi kurkusa, kafin ƙarar ta iso kunnenka ya riga ya zo kanka. Ni abin da ya fi burge ni a wasan da ke biyo baya shi ne rabon aiki. Huɗu suna tashi a manne kamar an ɗaure su da igiya, biyu kuma kowa nasa yake yi, su taho gaba da gaba kamar za su yi karo, sai su karkata su wuce. Farin hayaƙin nan mai ne ake fesawa a cikin zafin salansa. Hajiya, a kula da waɗannan biyun: yayin da kowa ya ɗaga kai yana kallon huɗun, ɗaya yakan faki ido ya biyo ƙasa-ƙasa. Nan ne yara ke firgita.

Anti Bilki: Ni na Annapolis na gani, makarantar sojan ruwa. Can rukunin Blue Angels ne, da jirage ƙirar F/A-18, kuma a saman kogin Severn suke wasan kwanaki kaɗan kafin ranar yayewa. Suna kusantar juna har tazarar ba ta fi inci 18 ba. 'Yata tana da shekara biyar lokacin. Audugar da na tura mata a kunne ba ta yi komai ba, sai wata mata kusa da mu ta ara mana irin marufin kunnen nan mai kama da na sauraron waƙa. Nan take ta daina kuka, ta koma nuna jirage da yatsa.

Malam Na Gefe: Ina filin Falcon ranar 2 ga Yunin 2016, shekarar da Obama ya yi jawabi. An yi wasa lafiya, mun yi ta tafi. Muna cikin mota muka ji ɗaya daga cikin jiragen ya faɗi a wani fili a kudancin garin yana hanyar sauka. Matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira, daga baya bincike ya gano matsala ce a totur ta kashe injin. A ranar kuma wani matuƙin Blue Angels ya rasu a jihar Tennessee wajen atisaye. Motarmu ta yi tsit. Uban yaron da muka raka ya daɗe yana kallon ɗansa, don aikin da zai shiga ke nan. Tun daga ranar, duk lokacin da na ga suna juyi a sama addu'a nake yi musu.

Maman Hanif: Allah ya tsare mana su, Malam, jikina ya yi sanyi. Anti, zan nemi marufin tun yanzu ya saba da shi a gida.

Baban Zahra: Na manta, Hajiya. Bayan cilla hulunan ana barin yara su ruga cikin fili su tsinta, wasu ɗaliban ma suna saka 'yan kuɗi ko gajeriyar wasiƙa a ciki. Akwai ƙa'idar shekaru, ki sa ɗan naku ya tambayo ko Hanif ya isa. Zahra ta samu ɗaya, tana nan rataye a ɗakinta.