Tukwanen dutse uku sun ɗaure min kai

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina taya wani ƙaramin gidan tarihi a Garwa rubuta kundin kaya, sai na ci karo da tukwanen fure uku na dutse mai laushi, farce ma yana karce shi. An sassaƙa birai da ganye a jikinsu, kamarsu ɗaya sak. Tsohon kundi ya ce aikin yankin duwatsun Mandara ne, ni dai ban yarda ba, don a gindin ɗaya an karce "CHINA".

Na san dokar Amurka ta 1890 ce ta tilasta rubuta sunan ƙasa a kan kayan shigowa. Don haka ina zaton bayan nan aka yi tukwanen. To na 1920 ne ko na 1970? Aikin Qingtian ne, wato yankin China da ya yi suna wajen sassaƙa irin wannan dutse? Takardar mai kyautar, gara ta cinye. Don Allah, sawun sassaƙa zan duba ko launin dutsen?