FL Studio, Ableton ko Reaper: da wacce zan fara haɗa kiɗa?

Mai_Koyo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Na jima ina haɗa kiɗa a waya da BandLab, amma allon ya yi mini kaɗan, ina taɓa nan yatsa na goge can. Ina da laftof mai Windows, RAM giga 8, ta kwana biyu, da na buɗe abubuwa da yawa sai fankarta ta hau kuka. Kwanan nan kuma na sayi ƙaramin kibod na MIDI mai maɓalli 25, irin mai kama da piyano da ake jona wa kwamfuta a buga kiɗa.

Abin da nake so shi ne in jera ganga da bes, in ɗora kari a kai, sannan ƙanena ya rera mu ɗauki muryarsa. Ban iya piyano ba, da kunne nake aiki. Duk bidiyon da na kalla kowa tasa yake yabo, wannan FL Studio, wancan Ableton, wani Logic, wani Reaper. Abin da na tara na manhaja ɗaya ne tak, ba na so in saya in dawo ina cizon yatsa. Wani abokina ya ce zai sa mini wadda aka fasa, wato ta sata da ba a biya ba, amma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire Logic daga lissafi, ta Apple ce, ba ta hawa Windows.

Yadda ka bayyana kanka, ni FL Studio zan ce maka. Kamfanin Image-Line na Beljiyam ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, kuma tun asali don jera ganga aka yi ta. Kana buɗewa za ka ga ƙananan akwatuna 16 a gaban kowace ganga. Danna na 1, 5, 9 da 13 a layin babbar ganga, danna na 5 da 13 a layin tafi, ka kunna. Shi ke nan, ka ji kiɗa yana tafiya. Ga mai aiki da kunne wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ke kanka yana fitowa kafin ya gudu.

Sai Piano roll ɗinta, wato allon da ake zana notocin kiɗa a kai, wanda a ganina har yau babu kamarsa. Da linzami kake zana kari, ka ja wannan ya yi tsawo, ka gutsure wancan. Kana iya zaɓar sikeli, wato jerin notoci masu tafiya tare, ta haska maka layukan da suka dace da juna, rashin iya piyano ba zai tsayar da kai ba. Bes ɗin 808 ɗin nan da kake ji yana zamewa daga ƙasa zuwa sama, a nan alama ɗaya kake sa wa nota ta zame.

Amma ka buɗe ido a wuri biyu. FL ta gwaji, wadda ake saukewa kyauta, ba ta da wa'adi, za ka haɗa kiɗa ka fitar da shi MP3 ko WAV, har ka ajiye aikin, sai dai ba za ta sake buɗe maka abin da ka ajiye ba sai ka biya. Mutane da yawa a nan suke shan mamaki. Na biyu, kuma shi ya fi shafarka: ƙaramar cikin nau'o'in FL da ake sayarwa, Fruity Edition, ba ta ɗaukar murya daga makirufo. Tunda akwai maganar ƙanenka, Producer Edition ce taka, ko da za ka ƙara haƙuri ka cika kuɗin. Abin da zai sanyaya maka rai, sau ɗaya kake biya, duk sabuwar da suka fitar bayan nan kyauta za ka sauke.

Wadda aka fasa kuwa, don Allah ka rabu da ita. Ban da haƙƙin masu ita, ta nan ake cusa wa kwamfuta ƙwayoyin cuta, kuma ranar da ta rufe da aikinka a ciki babu wanda za ka kai wa kuka.

'Yar_Sitidiyo:

Malam Tsohon Hannu, na yarda da kai a kan ganga, amma a bar ni in ce wani abu. Rabin aikin bawan Allah nan murya ne, kuma kwamfutarsa ta gaji. Ni murya nake ɗauka kullum, da Reaper nake yi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta ba gardama. Gwajinta kwana 60 ne, komai a buɗe, ka ajiye ka dawo gobe ka ci gaba. In mawaƙi ya maimaita baiti sau da yawa, tana jera maka su a layi ɗaya, ka tsinci mai kyau daga kowanne ka haɗa.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba, kusan wayam take zuwa, babu tarin sautuka a ciki. Sai ka nemo Vital ko Surge XT, manhajojin samar da sauti da ake ɗorawa a cikinta, duka kyauta ne, ka nemo sautukan ganga ka loda da kanka. Ɗan'uwa, in kana da haƙurin wannan, ka gwada ta kafin ka fitar da kuɗi.

Bawan_Allah:

Kafin komai, duba kwalin kibod ɗinka. Da yawansu suna zuwa da katin sauke Ableton Live Lite, ƙaramar Ableton, kyauta. Layin sauti 8 kawai take bayarwa, amma tana ɗaukar murya, kuma ta isa ka gane ko tsarin Ableton na kunna guntayen kiɗa ɗaya bayan ɗaya ya yi maka.

Mai_Koyo:

Allah Ya saka muku da alheri. Na duba kwalin, wallahi katin yana ciki. Na kuma sauke FL ta gwaji, akwatunan nan sun shiga raina, jiya har dare ina kai. Shawarar da na yanke: zan haɗa kiɗa iri ɗaya a cikin ukun, ƙanena ya rera, in ga inda hannuna ya fi sakewa. Matsala ɗaya, in na danna kibod sai sautin ya ɗan makara kafin ya fito. Kwamfutar ce ta gaza?

Tsohon_Hannu:

Ba lallai ba ne. Shiga saitin sauti na FL, a wurin zaɓar na'ura ka ɗauki FL Studio ASIO ko ASIO4ALL, sannan ka rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. In saurin sarrafa sauti (sample rate) yana kan 44100, bafa 512 tana jawo jinkirin kusan milisakan 12, 128 kuwa kusan 3. Ka sauko a hankali, in ka fara jin ƙaras-ƙaras ka koma mataki ɗaya sama. Lokacin bugawa da ɗaukar murya ka bar ta ƙasa, lokacin gyaran sauti ka ɗaga ta kwamfutar ta huta. Ka kuma jona caja yayin aiki, don laftof na rage ƙarfinta in tana kan batir. In da belin kunne na Bluetooth kake saurare, cire shi ka sa mai igiya, shi kaɗai ma yana kawo wannan jinkirin.