Ruwan famfonmu yana zuwa ja, sannan da warin magani: in ba ɗana ko kuwa?

Uwar yaro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini. A Kano nake, tsohuwar unguwa. Ruwan famfo sau biyu yake zuwar mana a mako, galibi da tsakar dare. Farkon zuwansa ja yake kamar an jiƙa jan bulo, bayan bokiti biyu ko uku ya washe, amma sai ya riƙa warin maganin wanke farin kaya. Da mu kaɗai ne da ban damu ba, mun saba. To yarona ya shiga wata bakwai, na fara dama masa kunu, yana kuma shan ruwa. Ina tafasawa, amma gindin butar ya yi fari fat, har yana ɓamɓarowa. Maƙwabciyata ta ce dattin kamfanonin jima ne ke shiga kogi, mu kuma a turo mana. Tun ranar ban ƙara samun barci mai daɗi ba. Maigida ya ce mu koma sayen na 'yan garuwa tunda na burtsatse ne, surukata ta ce in jefa alam kawai. Wanne zan bi?

Mai gyaran famfo: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 19 a wannan sana'a. Jan nan da kike gani tsatsa ce. Tsofaffin unguwanni bututun ƙarfe aka binne musu, in ya kwana uku babu ruwa sai cikinsa ya yi tsatsa, ruwan farko ya kwaso ta. Ita tsatsar ba ta fi damuna ba. Abin da nake tsoro shi ne bututun da ya ratsa ta cikin kwata. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfinsa, waje yake tsiyaya. Da an ɗauke ruwa sai lamarin ya juya, ruwan kwatar ne ke tsotsuwa ciki ta wurin fashewar. Masu jona injin ja kai-tsaye a kan layi su suka fi ɓata abin, don suna zuƙo har da na lambatu, su sha, maƙwabta su sha. Ki sa maigida ya bi bututunku da ido tun daga bakin titi har cikin gida. Ruwan farko kuma a yi wankin banɗaki da shi, kada ya shiga randa. Farin gindin buta kada ya tayar miki da hankali, ruwa mai nauyi, wato mai yawan ma'adinai, haka yake yi, ki jiƙa da lemon tsami zai fita.

Wata 'yar uwa: Ni dai ruwan leda nake ba nawa, hankalina kwance.

Malamar asibiti: 'Yar uwa mai ruwan leda, ki duba lambar NAFDAC a jiki, kuma ki guji wanda ya wuni a rana. Wasu masu ƙullawar daga burtsatse suke ɗiba su ma.

Maman yaro, warin da kike ji kulorin ne, da gangan ake sa shi a matatar ruwa don ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifod da gudawa. Ni in na ji ɗan warinsa a famfo daɗi nake ji, alama ce maganin ya iso har gida. In ya yi miki yawa ki tara a mazubi mai tsabta, ki rufe da ƙyalle, ya kwana, zai ragu sosai.

Amma ki riƙe wannan da kyau, don nan mutane ke ruɗewa: tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da guba. In akwai dalma ko kuromiyam a ruwa, ko kin wuni kina tafasawa suna nan, sai ma su ƙara kauri tunda ruwan yana ƙonewa. Don haka in ya ɓararraka na minti ɗaya ki sauke. Alam ɗin surukarki kuma laka yake kwantarwa, ruwa ya yi kyan gani, shi ke nan aikinsa. Ba ya maye gurbin tafasawa.

Batun 'yan garuwa, ki tambayi inda suke ɗiba. Burtsatsen da ke kusa da masai ko sokawe yana iya ɗaukar sinadarin naitiret, shi kuma jarirai ya fi cutarwa, yana hana jini ɗaukar iska. Sannan jarkokin nan, wa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki?

Ɗan Maraɗi: Malama ta faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da ya faru a wajenmu. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, aka ja wa gari famfo. Ruwa garai-garai, ba wari ba launi, kowa na murna. Ashe fuloraid ya yi masa yawa, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ya ninka mizanin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Sai da aka shafe shekaru fiye da goma ana sha kafin a gane. Yara dubbai abin ya shafa, haƙora suka rine, wasu ƙafafu suka lanƙwashe. Har yau in ka je za ka ga manyan da suka tashi da wannan nakasa. Shi ya sa in na ji an ce "ai na burtsatse ne, fari tas", gabana yake faɗuwa. Ido da hanci ba sa gano irin wannan. Hajiya, ki kai ruwan a auna.

Wani ɗalibi: Kamar na Zamfara ke nan a 2010, da yara sama da 400 suka rasu.

Malamar asibiti: Allah ya ji ƙansu. Amma na Zamfara ba famfo ba ne ɗana. Dutsen zinariya mai dalma ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kada mu haɗa mata tsoro biyu.

Injiniyan ruwa: Maganar maƙwabciyarki ba ta taso a banza ba. Akwai masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, da kuromiyam ake jeme fata, kuma an daɗe ana kuka da ruwan dattin da ke gangarawa rafuka. Sai dai wannan bai nuna yana cikin famfonki ba, don ya danganta da inda aka ɗebo ruwan layinku da yadda aka tace shi. Gwaji ne zai raba gardama. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakar dalma a miligiram 0.01 a lita, kuromiyam 0.05, naitiret 50. Ki nemi ɗakin gwaji na hukumar ruwa, ko na jami'a, ko mai zaman kansa, ki ce a duba waɗannan ukun da fuloraid da ƙwayoyin bayan gida. Ɗebi kwalba biyu: ɗaya da zarar ruwa ya zo, ɗaya bayan ya zuba na 'yan mintoci. In ta farkon ce kaɗai ta nuna matsala, laifin yana bututu ko kan famfonku, don tsofaffin kawunan tagulla kan saki dalma a ruwan da ya daɗe a tsaye. Na gwajin ƙwayoyin cuta kuwa su za su ba ki kwalbarsu, a mayar musu ran nan cikin sanyi. Ku haɗa kuɗi da gidajen layinku, tunda ruwa ɗaya kuke sha, sakamakon kuma ya fi nauyi in kun kai ƙorafi a tare.

Uwar yaro: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Maigida ya bi bututun da safen nan. Wallahi kamar Malam mai gyara yana gani: a ƙofar gida na uku ya nutse cikin kwata, an ɗaure wurin fashewar da robar taya. Jikina har yanzu rawa yake. Gobe za a ɗaga shi a canza guntun. Gidaje huɗu sun yarda mu haɗa kuɗin gwaji, ran Alhamis ruwa zai zo mu ɗiba. Kafin nan ina zubar da na farko, ina tafasa na yaro. Malama, tambaya ɗaya ta rage: sati biyu da suka wuce ya yi gudawa kwana biyu, ta tsaya da kanta. In kai shi a duba shi, ko in bari tunda yana wasansa?

Malamar asibiti: Ki kai shi a auna nauyinsa, ki gaya musu zancen ruwan. Ki ajiye ORS da zinc a gida, kuma kada ki rage masa nono.